Wai da gaske an sa hannu a halatta zubar da ciki? Bayani kan rigimar yarjejeniyoyin 'yancin mata

Kwanakin baya bayan sallar isha'i muna zaune a teburin mai shayi a garinmu can gefen Gumel, sai wani yaro ya kunna mana odiyo da aka turo masa a WhatsApp, mai maganar sai kumfar baki yake wai gwamnatin tarayya ta sa hannu a wata takarda da Turawa, wai daga yanzu duk yarinyar da ta ga dama za ta shiga asibiti a zubar mata da ciki kuma ubanta bai isa ya ce uffan ba, wai har gado ma za a koma rabawa daidai tsakanin mace da namiji. Wani dattijo da ke ƙarshen benci ya ajiye kofinsa ya juyo ya ce "ɗan nan, kai da kake karance-karance, maganar nan da gaske ce ko irin ta 'yan waya ce?" Na ce "Baba, akwai gaskiya a ciki akwai ƙari, sai an warware ta zare-zare." Toh shayin ya huce ban gama ba, shi ne na ce bari in rubuta.

Sa hannu daban, zama doka daban

Yawancin ruɗanin daga nan yake farawa. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa hawa uku take bi kafin ta taɓa mutumin ƙauye, kuma in ka ɗauke ta kamar aure za ka fi saurin ganewa. Sa hannu shi ne baiko, ƙasa ta nuna tana so amma ba a ɗaura komai ba. Amincewa a hukumance shi ne ɗaurin aure, daga nan ƙasa ta ɗauki alkawari a gaban sauran ƙasashe. Na uku shi ne tarewa, wato majalisa ta zauna ta mayar da abin dokar cikin gida yadda alƙali zai iya yanke hukunci da shi.

A Najeriya sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya faɗa ƙarara cewa babu yarjejeniyar da ke da ƙarfin doka sai Majalisar Tarayya ta yi doka a kanta. In kuma batun ba na gwamnatin tarayya ita kaɗai ba ne, to sai mafi rinjayen majalisun jihohi sun yarda, kaga a jiha 36 ana buƙatar 19 kenan, jihohin kudu kuma 17 ne, ko duk sun haɗa baki ba za su isa ba sai da wasu daga arewa. Ɗaya hanyar ita ce kowace jiha ta yi tata dokar, kamar yadda ya faru da dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda Jigawa ba ta yi tata ba sai 2021, Kano kuma sai 2023.

Akwai kuma kalmar togaciya. Ƙasa na iya cewa na shiga yarjejeniya amma banda sashe kaza, bai hau kaina ba. Riƙe wannan kalmar, za mu dawo kanta.

Takardun da ake magana a kansu

Ta farko ita ce CEDAW, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da duk wani nau'in wariya ga mata. An zartar da ita a Disamba 1979, ta fara aiki 1981, ƙasashe 189 na ciki. Najeriya ta sa hannu 1984 ta amince a Yuni 1985, zamanin mulkin soja na Buhari, kuma ba ta yi togaciya ko ɗaya ba. Wato takardar da ake turowa kamar jiya aka yi ta, ta girmi yawancin masu turawar. Abin da ke cikinta ya haɗa da karatun mata, aikin yi, zaɓe, lafiya, fataucin mata, har da sashe guda sukutum a kan matan karkara, samun bashi da ruwa da sauransu.

Ta biyu ta Afirka ce, yarjejeniyar Maputo, shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da ita a babban birnin Mozambik a Yuli 2003 ta fara aiki a Nuwamba 2005. Najeriya ta amince da ita a 2004 lokacin Obasanjo. Ta hana kaciyar mata, ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, ta ce auren mace ɗaya shi ne abin ƙarfafawa amma a kare haƙƙin matan da ke zaune da kishiya, ta yi maganar gadon wadda mijinta ya rasu.

Duk biyun an ɗaura aure amma amarya ba ta tare ba. An kai ƙudirin mayar da CEDAW doka ya faɗi a majalisa a 2007. Sanata Biodun Olujimi ta sake kawo ƙudirin daidaito tsakanin maza da mata, majalisar dattawa ta yi watsi da shi a Maris 2016, aka gyara aka dawo da shi, a Disamba 2021 aka sake jingine shi bayan wasu sanatoci sun ce ya ci karo da addini.

Ta ukun da ta tada ƙura a 2024 ita ce ta Samoa, tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashe 79 na Afirka da Karebiyan da Fasifik, Najeriya ta sa hannu a Yuni 2024. Ita asalinta ta kasuwanci ce da tallafi, hayaniyar da aka yi a kanta ta auren jinsi ce, gwamnati ta musanta, jaridar da ta fara buga labarin ma daga baya ta nemi afuwa. Amma a cikinta akwai jimlar "lafiyar jima'i da haihuwa da haƙƙoƙinsu", kuma wannan jimlar ita ce ƙashin bayan duk rigimar.

Ta ina zubar da ciki ya shigo

In ka karanta CEDAW daga farko har ƙarshe ba za ka ga kalmar zubar da ciki ba. Abin da ke ciki shi ne sashe na 12 da ya ce a ba mata damar kula da lafiya har da tsarin iyali, da sashe na 16 da ya ce mace da namiji suna da haƙƙi iri ɗaya wajen yanke yawan 'ya'yan da za su haifa da tazarar da ke tsakaninsu. Masu goyon baya kan tsaya a nan su ce kun gani, babu.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Yarjejeniyar tana da kwamitin mutum 23 da ke zama yana duba rahoton da kowace ƙasa ke kaiwa duk bayan shekara huɗu, shi kuma kwamitin nan yana fitar da fassara da shawarwari. A shawararsa ta 24 a shekarar 1999 ya ce ya kamata ƙasashe su gyara dokokinsu a daina hukunta matan da suka zubar da ciki, a ta 21 kuma a 1994 ya ce auren mace fiye da ɗaya abu ne da ya kamata a hana. Shawarwarin nan ba hukuncin kotu ba ne, kwamitin ba shi da ɗan sanda ba shi da kurkuku ba ya sa takunkumi, amma duk lokacin da wakilan ƙasa suka je da rahoto sai an tsare su da tambaya a kai. Masu adawa kuma a nan suke tsayawa, su ce mun sa hannu a abu ɗaya kuna fassara mana wani.

Maputo ita ba ta ɓoye ba. Sashe na 14 ya ce ƙasashe su ba da izinin zubar da ciki a asibiti in an yi wa mace fyaɗe, ko cikin na muharraminta ne, ko in ci gaba da cikin zai cutar da lafiyar jikinta ko ta ƙwaƙwalwarta, ko zai yi barazana ga ranta ko ran ɗan tayin. Ba ta ce duk wadda ta ga dama ba kamar yadda odiyon ya ce, amma ta fi dokarmu faɗi nesa ba kusa ba. Domin dokar Final Kod da ake aiki da ita a arewa, sashe na 232, hali ɗaya tak ta yarda da shi, in za a ceci ran uwar, in ba haka ba ɗauri ne da zai iya kaiwa shekara 14. Fyaɗe ba ya cikin uzurin da dokar ta karɓa. Tazarar da ke tsakanin wannan sashe na 14 da wancan na 232, ita ce ainihin filin da ake faɗa a kai.

Kenya da Uganda da suka zo amincewa a 2010 sai suka yi togaciya a kan wannan sashen daidai. Najeriya ba ta yi ba.

Su waye ke adawa, me suke cewa

Mutum zai ɗauka malaman arewa ne kaɗai, ba haka ba ne. Cocin Katolika na cikin na gaba-gaba, Fafaroma Benedict da kansa ya soki Maputo a 2007, kuma lokacin da Legas ta fitar da ƙa'idojin zubar da ciki na asibiti a 2022, ƙorafin shugabannin coci na cikin abin da ya sa gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da su cikin 'yan kwanaki. Abin da zai fi ba mai odiyo mamaki shi ne Amurka kanta ba ta cikin CEDAW. Jimmy Carter ya sa hannu a 1980, amma har yau majalisar dattawansu ba ta amince ba, ana buƙatar kashi biyu cikin uku kuma masu ra'ayin riƙau sun ƙi, hujjarsu irin ta malamanmu ce sak: zubar da ciki, tarbiyyar iyali, da cewa wani kwamiti a waje ba zai tsara musu doka ba. Amurka tana layi ɗaya da Iran da Sudan da Somaliya a wannan batun. A Oktoba 2020 gwamnatin Trump tare da Masar da Indonesiya da Uganda da Hungary da Brazil suka jagoranci wata sanarwa da ake kira ta Geneva, ƙasashe talatin da wani abu suka sa hannu cewa babu wani haƙƙin zubar da ciki na ƙasa da ƙasa, kowace ƙasa ita ke da ikon dokarta. Biden ya fitar da Amurka a 2021, Trump ya mayar da ita a 2025.

Hujjar diyaucin ƙasa kenan a taƙaice, wato mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Suna kuma kafa hujja da taron Alƙahira na 1994 kan yawan jama'a, wanda Saudiyya da Sudan suka ƙaurace masa, inda aka rubuta cewa kada a tallata zubar da ciki a matsayin hanyar tsarin iyali, kuma duk wani canji a kai sai ta hanyar dokar ƙasa. Suka ce wannan ne abin da aka yarda, duk abin da ya wuce haka shigo-shigo ba zurfi ne.

Ƙasashen Musulmi da yawa sun bi hanyar togaciya, Saudiyya ta shiga CEDAW a 2000 da sharaɗin duk inda ta saɓa wa shari'a to shari'a ce a sama, Masar ta toge sashen aure. Maƙwabtanmu na Nijar, da ka tsallaka Maigatari ka shiga, sun shiga a 1999 da togaciya a kan sassan da suka taɓa aure da gado, majalisarsu kuma ta ƙi Maputo a 2006. Yare ɗaya, dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, amma su a rubuce suka toge, mu kuma muka karɓa duka muka ƙi aiwatarwa.

A nan arewa gaskiya gado ya fi zubar da ciki tada jijiyar wuya. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar a ƙarshen 2016 ya fito ya ce Musulmi ba za su yarda da dokar da za ta daidaita rabon gado ba tunda Alƙur'ani ya riga ya yanke. Ga kuma shekarun aure, wanda ya tuna cece-kucen Sanata Yarima a 2013 ya san zafinsa. Sannan akwai tsohon miki: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 inda yara 11 suka rasu, da ƙauracewa rigakafin foliyo daga 2003 zuwa 2004 bisa zargin yana hana haihuwa. Zargin foliyon bai tabbata ba, cutar ma ta ƙara bazuwa ne a dalilinsa, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, duk takardar da ta zo daga waje tana maganar haihuwa da wannan idon ake kallonta.

Masu goyon baya fa

Su hujjarsu ta farko maƙabarta ce. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna mata kusan 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa a shekara ɗaya, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Suka ce haramcin doka bai hana zubar da ciki ba, ya dai mayar da shi bayan kemis da ɗakin mai magani, 'yar mai kuɗi ta tafi asibitin kuɗi a birni a rufa mata asiri, 'yar talaka a kawo ta jini ya ƙare. Suna kawo misalin yarinya 'yar shekara goma sha uku da aka yi wa fyaɗe, su ce wace doka ce za ta tilasta mata ɗaukar cikin.

Kan diyauci kuma amsarsu ita ce babu wanda ya sa wa Najeriya bindiga, da kanta ta shiga, Maputo ma 'yan Afirka ne suka rubuta ta a Afirka, kuma alkawari kaya ne. Sun kuma ce ana amfani da sashe ɗaya ana jefar da talatin, karatun yara mata da hukuncin mai fyaɗe da haƙƙin bazawara duk sun tafi da ruwan. Cikin masu wannan ra'ayin akwai Musulmi mata masu ilimin addini da ke cewa yawancin abin da ke ciki Musulunci ya riga ya ba mace, al'ada ce ta ƙwace, kowa ya san gidajen da gona ba ta taɓa kaiwa hannun 'ya mace ko da an raba gado a takarda. Suna kuma nuna Tunisiya da ta halatta a watanni ukun farko tun 1973, da Turkiyya, da Jamhuriyar Benin da ta faɗaɗa dokarta a 2021.

Masu adawa na amsa maganar mace-macen da cewa zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda da rashin asibiti kusa su ne manyan masu kashe matan karkara, a gyara wannan tukuna. Ɗaya ɓangaren ya ce duka biyun za a iya yi tare.

Abin da fiƙihu ya ce, a gajarce

Ba baki ɗaya malamai suke ba. Bayan kwana 120, lokacin busa rai, an haɗu a kan haramci sai in ran uwar ne a kan siraɗi. Kafin nan ne saɓanin yake, Malikiyya da muke bi ita ta fi tsanani, mashahurin zance a mazhabar shi ne haramun ne tun daga shigar ciki, wasu malaman Hanafiyya kuma sun sassauta in akwai uzuri karɓaɓɓe. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, a Makka a 1990 ta yarda a cire ciki kafin kwana 120 in kwamitin likitoci amintattu ya tabbatar da mummunar nakasa da ba ta da magani. Kenan ceton ran uwa babu faɗa a kansa tsakanin doka da malamai da Maputo, faɗan yana kan fyaɗe da lafiyar ƙwaƙwalwa da wanda zai yanke.

Yadda abin ke taɓa mutumin ƙauye

A kotu babu abin da ya canza. Alƙalin kotun shari'a a Ringim ko Bichi ba ya buɗe CEDAW in zai raba gado, ma'aikaciyar asibiti kuma Final Kod ce a kanta. Wasu lauyoyi na ƙoƙarin shigo da su ta taga, ta hanyar yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan adam wadda ita an mayar da ita doka tun 1983, kotun ECOWAS ma a 2017 ta taɓa samun Najeriya da laifin saɓa wa Maputo a shari'ar wasu mata da jami'ai suka ci zarafinsu a Abuja, amma wannan bai taɓa dokar zubar da ciki ba.

Inda abin ke cizo a asibiti ne. Bara da damina matar wani maƙwabcinmu ta yi ɓari cikin wata uku, jini ya ƙi tsayawa, aka ɗora ta a a-kori-kura tsakar dare zuwa asibitin da ya fi kusa. Ma'aikaciyar ta duba ta ce sai an yi wankin ciki, mijin ya ce shi ba zai sa hannu ba, ya ji ana cewa ta haka ake zubar da ciki yanzu. Ta ce masa "Malam, cikin ya riga ya fita, saura ne ya maƙale, in an bar shi zai ruɓe." Bai yarda ba sai da ya kira liman a waya ya ce "Allah gafarta Malam, ya halatta?" Liman ya ce masa ya sa hannu maza. Kusan awa guda aka ɓata tana kwance a kan benci, ƙanwarsa na riƙe da fitilar waya. Ta tashi, amma sai da aka ƙara mata jini leda biyu.

Ɓari daban, zubar da ciki daban, tazarar haihuwa daban, amma odiyo irin wancan duk kwando ɗaya yake zuba su. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne maganin misoprostol da ake ba mace don tsayar da jini bayan haihuwa shi ne dai wasu ke amfani da shi wajen zubar da ciki, sai zargi ya hau kan maganin da ma'aikaciyar baki ɗaya, wasu mazan su hana zuwa awo.

Sai maganar kuɗi, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin ta kowane ɓangare yake zuwa. Tun 1984 zamanin Reagan Amurka ke da wata ƙa'ida ta hana tallafi ga duk ƙungiyar waje da ke yin zubar da ciki ko tallata shi, ɗan Democrat ya hau ya soke ɗan Republican ya hau ya dawo da ita, Trump ya dawo da ita a 2025, a shekarar kuma aka rufe USAID, hukumar Amurka mai ba ƙasashe tallafi. Turai na turawa ta nan Amurka na ja ta can, ƙaramin asibitin ƙauye da ke dogaro da kayan tallafi shi ke ji a jikinsa ranar da aka ce allurar tazara ko gidan sauro sun yanke.

Jihohi kuma sun gano wata hanya ta tsince-tsince, su ɗauki abin da babu faɗa a kansa su bar sauran. Jigawa ta yi haka a 2021 da dokar hana cin zarafi mai tsananta hukuncin fyaɗe, ba tare da ta taɓa gado ko sashe na 232 ba. Alamu sun fi nuna haka za a ci gaba, guntu-guntu, a Dutse da Kano, ta hannun 'yan majalisar jiha da zaman jin ra'ayin jama'a da malamai da sarakuna ke halarta. Da na kawo nan a teburin shayi dattijon nan ya ce "toh ashe ɗan majalisarmu ne ya kamata a tambaya ba Bature ba", yaron mai odiyo ya ce yana da lambarsa, ya kira sau biyu wayar a kashe.